Kada Ku Kori Maigadin Imel Ɗinmu

Mai girma shugabar ƙungiyarmu ta masu ɗab'i, iyayenmu masu injina, 'yan'uwana masu tawada a farce, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni dama kafin a jefa ƙuri'ar cire abin da na saka a sabarmu, wato kwamfutar da ke karɓar imel ɗinmu.

Na farko, mun manta ne? Bara kullum sai ka buɗe akwati ka tarar da maganin sanƙo, da gadon attajirin da ba ka taɓa ji ba. A cikin wannan shara aikin wata makaranta ya nutse, ta kwashe ayyukanta ta kai wani wuri. Raina ya ɓaci, na duƙufa karatu, ba malami ba jagora, har na gano maganin wannan shara.

Na biyu, abin nan maigadi ne kawai. Baƙon saƙo ya ƙwanƙwasa, sai ya ce masa, "Je ka, ka dawo anjima." Ɗan aiken gaskiya zai dawo, don an aiko shi. Ɗan damfara kuwa ƙofa dubu yake bugawa, ina ya ga lokacin komawa? Wanda ya dawo, maigadi ya shaida fuskarsa, gobe kai tsaye zai wuce.

Na uku, Kawu mai yankan takarda ya tare ni a bakin matakala, ya ce, "Kai yaro, saƙona ya yi minti goma a hanya, da jaki ka aiko shi?" Kawu, Allah ya ja da ranka, kai da kake jiran tawada ta bushe yini guda, minti goma ne ya gagare ka? Mai haƙuri yakan dafa dutse!

Ba da baki kawai na zo ba. Kafin in tashi, na sa ƙanwata ta aiko wa shugaba saƙo daga adireshin da sabarmu ba ta taɓa gani ba. In bai iso ba kafin in zauna, ku cire, ni ma in ajiye makulli.

Ranki ya daɗe, wayarki ce ta yi ƙara? Duba mana! Ya dawo! An kore shi, ya dawo! Kawu, ga jakin naka ya iso. Yanzu a jefa ƙuri'a.

Allah ya raba akwatunanmu da shara, ya cika su da aiki, ya ƙara wa Kawu haƙuri, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.