Bakin Da Ban Buɗe Ba a Gaban Baba

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ku yi haƙuri, a tsaye zan yi magana ina ɗan motsi, har yau ban saba da zama wuri ɗaya ba.

'Yan zumuntar mata kun san kujerata, can bakin ƙofa. Wasu suna cewa Rifkatu ba ta son wa'azi. Wa'azi nake gudu? Cikina ne! Yau ya kumbura kamar ganga, gobe zawo, jibi ya ɗaure tamau. Ana tsaka da waƙa sai ya murɗa, in fita da sauri. Biki na daina zuwa, kasuwa ma sai na auna inda zan ruga.

Tun da aka yi sabuwar jiha aka mai da maigidana aiki Damaturu, ya bar ni a Dogo Nini wajen mahaifinsa. Baba, Allah ya saka masa, shi ya ɗauki ciwon nan a kansa. Layin asibitin gwamnati ba na iya tsayawa a cikinsa, don haka ya ce sai asibitin kuɗi.

To ga inda abin yake. In mun shiga wajen likita, Baba ya ja kujera ya zauna kusa da ni. Likita ya ce, "Me ke damunki?" Ni kuwa kaina a ƙasa. Mata, ku faɗa mini, wace ce a cikinku za ta yi zancen bayan gida a gaban surukinta? Sai Baba ya amsa, "Ciwon ciki ne, likita, da kasala." A ɗebi jini, a ce taifot, a ɗaura mini ƙarin ruwa. In dawo gida, ciwo na nan. Muka canja asibiti, aka sake ce mana taifot. Kai, na sha ruwan leda har hannuna ya ƙoshi da allura!

Rannan Baba ya ce zai kai ni babban asibitin kuɗi a Jos, zai sayar da sansa na huɗa. Ga damina ta kawo kai. In san nan ya tafi, da me gidan zai yi noma?

Safiyar ranar kasuwa na hango shi yana ɗaura wa san igiya, yana shafa masa wuya. Na kasa tsaye, na kasa zaune. Na zagaya bayan rumbu na durƙusa, na ce, "Ya Yesu, matar nan mai zubar jini, a gaban taro ta faɗa maka gaskiyarta duka. Ni ma buɗe mini baki!" Ina roƙo ina kuka.

Na tashi na same shi a ƙofar gida. Na ce, "Baba, a bar san tukuna. Mu koma asibitin da muka je na ƙarshe sau ɗaya."

Da muka shiga ya ja kujera kamar kullum. Na ce, "Baba, don Allah ka ɗan ba mu wuri." Ya dube ni, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Jama'a, ranar na yi magana! Likita ya ajiye biro ya saurara. Ya ce, "Haba baiwar Allah, me ya hana ki faɗa tuntuni?" Ya sa aka yi gwajin da ya dace, ba a ga mugun abu ba. Ya ce hanjina ne mai saurin tashi, in rage nono da wake da yaji, in rage damuwa, ya ba ni 'yan ƙwayoyi. Ba allura, ba leda.

A waje na tarar da Baba a kan benci. Na faɗa masa abin da zan iya faɗa. Sai ya ce, "Ashe ni na tsare miki hanya, 'yata." Idonsa ya kawo ruwa.

Ana tambayata ko asibitin kuɗi yana da amfani. Yana da shi, in za ki faɗi abin da ke damunki. In ba haka ba, a banza za a rabu da dukiya. Ciwon yakan leƙo ni jefi-jefi, ba zan ɓoye muku ba, amma yau ga ni a gaba, na ji wa'azi har ƙarshe. Geron da na kawo wa Ubangiji baiko ɗazu, san nan ne ya yi huɗarsa.

Na gode wa Ubangiji! 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku roƙe shi ya buɗe muku baki. Halleluya!