Gyaɗa Mai Ɗaci

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ku yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci ma korata aka yi saboda surutu.

Ni ne wawan da ya yi shekaru yana taƙama a Gagarawa Tasha cewa bai taɓa tofar da gyaɗa mai ɗaci ba. Dako nake yi a rumfar awo. Gyaɗa mai kyau mu ɗura a buhu mu loda wa jirgin ƙasa. Wadda ta yi fumfuna, akawu ya ture da ƙafa, ita muke sharewa mu kai gida. Ni da ƙanena Dauda tun muna yara shawara ke kama mu, ido ya yi rawaya, ya washe, ya sake. Sai na naɗa kaina likita: tunda maganin shawara ɗaci gare shi, ai gyaɗa mai ɗaci magani ce. Har kora ta nake da burukutu.

Dauda ya rame, cikinsa ya kumbura, muka binne shi kafin kaka. Da haƙarƙarina na dama ya fara nauyi, matata Saratu ta ja ni asibitin mishan a Kano.

Likita ya danna cikina ya ce, "Baba, ciwon shawarar nan bai taɓa barin hantarka ba, kwanciya ya yi. Gyaɗa mai fumfuna da giya su ke taya shi har ya zama ciwon daji. Naka bai kai can ba tukuna."

Na ce, "To wadda muke lodawa fa?"

Ya ce, "Waccan ana bincika ta, masu sayenta a ƙasar waje ko dabbobinsu ba sa ba wa irin taka."

Dabbobinsu! Mu muka noma, mu muka ɓare, mu muka ɗauka a ka, amma abin da saniyar wata ƙasa ta fi ƙarfinsa shi ne ƙuli-ƙulin 'ya'yanmu. Raina ya ɓaci har yau bai gyaru ba.

A bakin asibitin na durƙusa, ban ma cire hula ba. Na ce, "Ubangiji, ka san bakin nan nawa ba ya jin magana. Ka riƙe shi." Ya kuwa riƙe. Giya ta fita raina, nauyin ya sauka, ga ni ina tsokanar jikoki. Na gode wa Yesu. Ku dogara gare shi, kuma don Allah ku tofar da mai ɗaci.

Shekarar farin nan da rumbu ya ƙare, na tarar da Saratu ta baza sharar tasha a tabarma tana tsincewa. Na ɗauki kwanon da take tara gyaɗar zan kai juji. Ta riƙe hannuna, ba faɗa, ta ce, "Maigida, in ka zubar, me zan sa wa yaran nan a miya?"

Ku sa mu a addu'a.