Bakina a Rufe, Hatsi a Kulle

Ƴan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya tsayar da ni a gabanku yau. Gaisuwa ga fasto da dattawa, da iyayena mata na zumunta da ke zaune can gefen taga.

Sunana Tabita, a Tsibiri aka haife ni. Duk wanda ya san ni tun ina ƙarama zai faɗa muku abu guda: Tabita akwai baki. Inna takan ce na iya gardama kafin in iya tafiya. Shi ya sa da na gama lakwal, wato makarantar boko, a nan Maraɗi na wuce Yamai karatun shari'a, ba wanda ya yi mamaki a gidanmu.

A shekarun da aka kafa jam'iyyu aka yi zaɓe, aka ɗora ni shugabar sashen shari'a a ofishin gwamnati da ke karɓar taimakon ƙasashen waje da kayan agaji. Duk buhun hatsi ko kwalin magani da wata ƙasa za ta ba mu, sai an yi yarjejeniya: ta ina zai shigo, wa zai ajiye, wa zai raba, wa za a tambaya in ya ɓace. Ni nake zama da wakilan ƙasashen mu yi ta ja har mu daidaita. Ina son aikin ƙwarai. Likita ya taɓa ce mini tansiyo ɗina ya hau, wato hawan jini, in rage gudu, amma a lokacin wa ke rage gudu? Yau yajin aiki, gobe an canza minista.

Ana haka sojoji suka sake karɓar mulki. Ƙasashen da ke taimakonmu suka ce sun dakata. Damina kuma ta zo ba kyau a shekarar, rumbuna suka ƙare tun kafin bazara.

Akwai wata ƙasa da ta riga ta aiko da masara da dawa masu yawa. Kayan sun iso Maraɗi, an jibge su a magazan, wato ɗakin ajiyar kaya, na wani Alhaji, babban ɗan kasuwa a nan Sabon Gari. Sai umarni ya zo daga can ƙasarsu cewa kada a taɓa ko buhu ɗaya, in kuma ba a daidaita ba kafin ruwa ya sauka, za a kwashe a kai wata ƙasa. Wakiliyarsu, wata Baturiya da muke kira Madam, ta sa kwaɗo a ƙofar.

Ni na zauna kan wannan yarjejeniya tun daga farkonta, na san abin da ta ce: an ba da hatsin domin masu yunwa ne, ba kyauta ba ce ga gwamnati. Na roƙi Madam mu zauna a Maraɗi kusa da kayan, ta yarda. Na taho tare da maigidana, Malam Ishaya, ga shi can zaune yana murmushi don ya san inda labarin ya nufa. Mushe ne, wato malamin makaranta, makarantu kuma a rufe, shi ya sa ya raka ni. Muka sauka gidan yayana a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi.

Da safen ranar zaman, ina shan kunu ina jera maganata a kai, sai ludayi ya faɗi daga hannuna. Na sunkuya in ɗauka, hannun ya ƙi. Na buɗe baki in kira maigida, ban ji komai ya fito ba. Shi ya juyo ya ga bakina ya karkace, ya yi kaina da gudu.

A asibiti likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama ya mutu, ƙafar dama ta yi nauyi. Maganar kuwa, ya ce mai yiwuwa ta dawo, mai yiwuwa ba za ta dawo ba.

Ƴan'uwa, hankalina na nan daram. Ina jin duk abin da ake faɗa, amsa tana nan a shirye cikin kaina, amma in na buɗe baki kalma ɗaya ce take fitowa: "To."

Ku duba wannan abu. Matar da gwamnati ke biya don ta ƙi yarda, ga ta kwance ba abin da ta iya sai "to". Inna ta ce, za ki ci tuwo? To. Za ki sha magani mai ɗaci? To. Wata rana maigida ya zauna bakin gado, ya ga na yi jugum, sai ya ce, "Maman Dauda, ashe duk gardamar da muka yi tun aurenmu ni ne mai gaskiya?" Na harare shi iyakar ƙarfina, bakina ya ce, "To." Har mai jinyar da ke gadon kusa sai da ta yi dariya. Ni ma na yi, da rabin fuska. Daga baya ya faɗa mini da ya fita waje kuka ya yi.

Aka ɗage zaman. Madam ta zo duba ni, ta ce za ta ɗan jira, amma ba za ta iya daɗewa ba. A Yamai kuma waɗanda suka san zancen daga tushe, wasu an canza musu wurin aiki, wasu sun bar ƙasar.

Da aka sallame ni, Inna ta ce ba Yamai ba Zariya, gida za a kai mata ɗiyarta. Haka na koma Tsibiri, ɗakin da na tashi a cikinsa.

A nan na ga abin da nake karantawa a ofis. Na saba tun ina yarinya turmi ke tada mutum da asuba a unguwarmu. Yanzu shiru. Mata suna jiƙa anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci, suna tafasa ganye. Magidanta da yawa sun tsallaka Najeriya neman abin da za su aiko. Wata maƙwabciyarmu ta shigo gaishe ni da goyo a bayanta, yaron ko kuka ba ya iyawa da ƙarfi. Ta ji an ce ni ce mai maganar hatsi. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, da gaske na akwai hatsi Maraɗi an kulle? Yaushe za a buɗe muna?"

Ina da amsa, ina da bayani, har da wanda za ta je ta gani. Bakina ya ce, "To."

Ta ɗauka alkawari ne, ta yi godiya ta tafi. Wannan "to" ɗin bai ba kowa dariya ba. Na juya fuskata ga bango. Tun daga ranar na daina ƙoƙarin magana, abinci ma sai Inna ta yi da gaske.

Labari ya kai Jiratawa, inda ƴan'uwan Inna suke. Wata rana da hantsi sai ga amalanken shanu a ƙofar gida, matan zumunta na can sun zo yi mini addu'a. Su ma yunwar suke ciki, amma sai da suka ƙullo mini ɗan garin rogo a gefen zane. Babbarsu Iya Ladi ce, tsohuwa, idonta ya kusa tafiya. Aka fito da ni tsakar gida aka jingina ni da bango. Ta lalubo fuskata, ta ɗora tafinta a kan bakina.

Addu'arta ba ta da tsawo. Ta ce, "Ya Yesu, Kai ka yi bakin nan, ka san ba ya hutawa. In hutu ka ba shi, ya huta ya isa. Yara na jin yunwa, hatsi na kulle, mu ba mu jin Faransanci. Ka buɗe shi muna, don sunanka."

Mata suka amsa da amin. Ni kuma a cikin zuciyata na yi tawa addu'ar, wadda ba ta bukatar harshe. Na ce, Ubangiji, ban da abin da zan iya. In ta bakina za ka ciyar da mutanen nan, ga shi. In ta wata hanya ce, ka ciyar da su, ni ka bar ni a haka, na yarda. Ina faɗin haka na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, irin wanda mutum ke ji in an sauke masa tulu bayan doguwar tafiya. Hawaye suka yi ta zuba.

Ba abin da ya canza a jikina. Mata suka zauna shan ruwa, ana hira. Sai maigida ya matso ya tsuguna kusa da ni. Ashe tun jiya saƙo ya zo daga Yamai, ya rasa yadda zai faɗa mini: Madam za ta tafi, ana son a san ko akwai sauran magana. Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Maman Dauda, lafiyarki ta fi. In aika a ce musu ba za ki iya ba, su rufe zancen?"

Na ce, "A'a."

Kwanon da ke hannun Inna ya faɗi. Maigida ya zaro ido ya sake tambaya, na sake cewa a'a, wannan karon da ƙarfi. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ta warke! Matata ta dawo!" Guɗa ta tashi, Iya Ladi tana dariya tana cewa a riƙe ta ta taka rawa. Haleluya!

Ba a rana ɗaya maganar ta dawo ba. Ɗigo-ɗigo ta riƙa zuwa, Hausa tukuna, Faransanci daga baya. Inna ta mayar da ni jaririya, tana nuna mini muciya da tsintsiya tana cewa in faɗi sunansu. Maigida yana karanta mini yarjejeniyar da ƙarfi ina maimaitawa. Muka aika wa Madam roƙo ta ƙara mana ƴan kwanaki, ta ƙara. Likita bai so ba, amma ya ce in je, kada in daɗe, kada in yi fushi.

A harabar magazan ɗin aka zauna, Alhaji ya sa aka jera kujeru a inuwa. Na shigo da sanda, maigida na riƙe da ni. Alhaji ya taso ya tarye ni, ya ce tun da ya ji abin da ya same ni yake sa ni a addu'a, don shi ma barci ba ya yi masa daɗi da hatsi a ɗakinsa mutane na kwana da yunwa.

Da can, in na fara magana a irin wannan zama, sai shayi ya huce. A ranar abin da nake da shi kaɗan ne, kowace kalma sai na ɗauko ta kamar dutse. Na dubi Madam na ce, "An ba da hatsin nan domin masu yunwa. Gwamnati ta canza. Masu yunwar ba su canza ba."

Na huta, na sha ruwa, na nuna mata wurin da yarjejeniyar ta faɗi haka. Sannan na kawo shawara: kada mai kaki ko ɗan siyasa ya taɓa makulli. A kowane gari a zaɓi masu rabo, da mai gari da liman da mata, da mai bishara inda akwai, mutanenta kuma su tsaya su gani da idonsu. Na ce ofishina zai rubuta haka, ni zan sa hannu. Alhaji ya ce shi kuma ya ba da kamiyo ɗinsa, manyan motocin kaya, su kai hatsin ƙauyuka, ba ya son ko sisi.

Madam ta dube ni. Ta ce ba ita ke da iko ba, amma za ta kira manyanta ta faɗa musu abin da ta ji da abin da ta gani. Na koma Tsibiri ban san matsayinmu ba, amma raina a kwance.

Bayan ƴan kwanaki, da la'asar ina zaune ina motsa yatsuna, sai na ji ƙugin kamiyo ya tsaya a bakin kasuwa. Kafin in tambaya, guɗa ta kama unguwa. Washegari haka aka yi a Jiratawa da ƙauyukan kewaye. Ba zan ce hatsin ya ishi kowa ba, akwai gidajen da ya iske an riga an yi rashi. Amma ya riƙe mutane da yawa har suka yi shuka suka ga sabon gero. Inna kuwa da ta tuƙa tuwon masarar, ta ɗanɗana ta ce Allah ya saka wa Turawan nan, amma a faɗa musu masararsu ba ta da danƙo.

Na koma aiki, na ci gaba da shugabancin sashen har na yi ritaya. Hannun dama bai dawo duka ba, kun ga yadda nake riƙe da shi. Da hagu na koyi sa hannu, da shi na sa wa yarjejeniyoyi da yawa bayan wannan. Maganin tansiyo kuma ba na wasa da shi, ku ma masu shi kada ku yi wasa, likita ma baiwar Allah ne.

Ina gode wa Ubangiji Yesu da ya tashe ni. Ina gode masa don mijin da ya ba ni, don Inna, don matan Jiratawa da suka hau amalanke da cikinsu wayam domin su yi wa wata addu'a.

Na san a cikinmu yau akwai wanda ya zo sujada da ƙyar. Ciwo ya daɗe, ko abin da ke damunka ya fi ƙarfin faɗa, har addu'ar ma ka gaji da ita. Ɗan'uwa, ƴar'uwa, kada ka kulle kanka a ɗaki. Ka bar ƴan'uwa su shigo, su ɗauke ka su fito da kai tsakar gida, su yi roƙon a madadinka. Ka dogara ga Yesu, bai manta da ƙofar gidanka ba.

Yabo da ɗaukaka su tabbata gare shi har abada. Amin.