Man Birki Mai Lamba Huɗu

A wani shagon kayan mota a Kakuri na ji wata mata tana magana da mai shagon.

"Oga, man birki mai lamba huɗu na ce. Shi aka rubuta a kan murfi a motata."

"Madam, shi ne wannan. Duk 'yan Barnawa shi suke saya."

"To me ya sa bakin robar yake a buɗe?"

"Zafi ne ya ɗaga shi."

"Zafi? Gobe zan kai yarana uku Kagoro, ni zan tuƙa. Ka san gangaren hanyar nan."

Sai ya karɓe robar, ya zaro wata daga ƙarƙashin tebur.

"Ungo wannan."

"Waccan fa?"

"Madam, ai ba ki ce da yara ba."