Sunan Wa Za a Sa a Takardar Aina'u?

Kafin in gaishe da kowa, ina jan kunnenku: wanda ya san shinkafa ce kawai ta kawo shi, ya ajiye cokali na minti goma. Ba a cin abinci ina magana, 'ya'yana shaida ne.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, Malam Sagir na ƙungiyar ma'aikatan Sharada; mai unguwa da liman; malaman jami'a da suka taso takanas; abokan aikin maigidana na masaƙa; mata 'yan'uwana da tun safe suke bakin murhu; jama'a manya da yara, ina gaishe ku, ina gode muku. Ni ce Zuwaira, mahaifiyar wadda aka taru dominta. Ba 'yar fari ba ce, don haka zan kira sunanta kai tsaye: Dakta Aina'u.

Magana ta farko. Shekara huɗu yarinyar nan tana ɗibar ruwan da ke fitowa daga majemun Challawa yana shiga gonaki, tana aunawa, tana rubutawa. Bana jami'a ta ƙara mata girma. Na tambaye ta da me suka auna ta. Ta ce, "Umma, ana duba sau nawa masu bincike suka ambaci aikina a cikin nasu, da kuma su wa na yi aiki tare da su." Ta kai ni shagon intanet a Dorayi, kwamfuta ta nuna talatin da bakwai. Ga wani daga Indiya, ga wata daga Masar.

Na ce, "Sun san ki?"

Ta ce, "Ko a titi ba za su gane ni ba."

Ni sakandare na tsaya, amma na yi Islamiyya, nan take na gane. A hadisi ma ana cewa wane ya ji daga wane, kuma ba a karɓa daga wanda aka taɓa kamawa da ƙarya. Mutum talatin da bakwai sun jingina aikinsu da gaskiyar 'yata. Wannan ba ado ba ne, amana ce.

Magana ta biyu, Yaya Ado, kai ne. Kada ka sunkuyar da kai, kai ka ce in faɗa don wasu su ji. Makon jiya yayana ya zo gida, ya ji labarin suna a takardar bincike yana kawo ƙarin girma, ga ɗansa Uwaisu yana koyarwa a kwaleji, shi ma yana nema. Ya ce, "Aina'u, sabuwar takardar nan da za ki aika, ki saƙala sunan ɗan'uwanki. Layi ɗaya ne fa. Katin bikinki ma ai har sunan surukin maƙwabcinku aka sa."

Yarinya ta shiga tsaka mai wuya. In ta ƙi, ta ƙi kawunta. In ta yarda, ranar da aka tsare Uwaisu aka ce ya faɗi abin da ya auna, sunanta ya zube, waɗancan talatin da bakwai su janye hannunsu. Ta same ni a kicin ido ya cika.

Na fito na ce, "Yaya, Uwaisu ya san warin ruwan nan?"

Ya ce, "Ya taɓa wucewa a mota."

Na ce, "Da gilashi a rufe?"

Dariya ta ƙwace masa, har hula ta zame.

Magana ta uku. Ku dubi can gefen rumfa. Malam Mamman, don Allah ku miƙe a gan ku. Manomi ne a bakin kogin Challawa. Duk ranar da ruwa ya sauya launi, ya rubuta da ajami a littafin makaranta: yau ja, yau baƙi, yau kumfa, yau latas ya ƙone. Shekara uku bai tsallake ba, kuma da littafin nan nasa Aina'u ta yi aiki. Da Aina'u ta ce za ta sa sunansa, cewa ya yi, "Haba Dakta, ni da ban yi boko ba?" Wanda ya yi aiki yana gudu, wanda bai yi ba an kawo masa roƙo!

To ranar Litinin takarda za ta tafi da suna uku: Aina'u, da malamar Zariya da ta gwada ƙasar gonakin, da Mamman Challawa. Uwaisu kuwa, ina ganinka bayan kular abinci. Za a fara sabon aiki a magudanan Bompai ranar Asabar, ƙarfe bakwai. An samo maka takalmin roba, lamba arba'in da uku. Ka shiga ruwa, ka shiga takarda.

Allah Ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu, Ya tsarkake ruwan da muke sha, Ya ba masu aikin safe da na yamma lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Na gode ƙwarai da kuka saurare ni.

Doka kuma ga ta, a gaban shaidu: daga yau, a gidana, ba a sa sunan kowa a aikin da hannunsa bai taɓa ba, ko ni ce na roƙa.