Minti Arba'in na Sauke Taki

A tashar Daura, motar Mai'adua ta ƙi cika. Ɗantsoho, ɗan dako a wani siton taki, ya ga na kusa da shi ya buɗe kwamfuta a cinya, sai ransa ya ɓaci.

"Malam, irin wannan ce ke neman raba ni da aikina. Wai sauke mota minti arba'in! In kun wuce, ta shafa wa sunanku ja. Nawa biyu ne, na uku kora."

"Baba, ai ba ƙirƙira ta yi ba. Aunawa aka yi."

"Aka auna! Ranar da mai agogon ya zo, mun zaci ragwaye zai tsince, muka yi ta gudu kamar mahaukata. Ko ruwa ba mu sha ba. Ɗayanmu kwana uku ya yi a kwance."

Sai mutumin ya ce:

"Takardar da aka kawo mini ba ta faɗi haka ba."

"Aka kawo maka?"

"Ni na shigar da arba'in ɗin, Baba."

Ɗantsoho ya dube shi sama da ƙasa.

"To madalla. Gobe ka zo ka ɗauki buhu, ni in riƙe agogon."