Wumbei Zai Sayi Audugar Mata

Sau uku direba Wumbei yana wuce teburin Mma Sanatu a kasuwar Tamale kafin ya tsaya.

"Mma, ba ni abin nan."

"Wanne? Sabulu?"

"Na mata."

"Ɗan kunne?"

"Haba Mma, kin sani!"

"Gemu har ƙirji, ka kasa cewa audugar mata? Ta madam ce?"

"Ta 'yata ce. Uwarta ta rasu bara. Kwana uku ba ta je makaranta ba, sai yau na gane ta fara al'ada."

Mma Sanatu ta daina dariya.

"Ni da na daina zuwa makaranta saboda haka, ba wanda ya tambaya. Ungo. Turo min ita in koya mata, kai a juye za ka yi bayanin."